Babin da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

Littafin ya shigo gidanmu ne a aljihun babbar rigar Baba, a naɗe kamar tabarma, shi ya sa har ya ƙare rayuwarsa bai taɓa kwanciya sosai a kan teburi ba. Lokacin muna haya a Hashimi, cikin Suleja, a irin gidan nan mai ɗakuna jere suna kallon juna, ga rijiya a tsakiya. Daga Zariya muka zo, a shekarun da ake ta kwaso ma'aikata ana kawo su Abuja, su kuma suna neman wurin kwana a Suleja. Kullum da sassafe Baba zai bi bas ya tafi aiki, ya dawo da yamma a gajiye. Malamar Turancinmu ce ta aiko ni da saƙo cewa a saya mini littafin labari, in ba haka ba Turancina a gaisuwa zai tsaya. Baba ya sauko daga bas, ya tsaya wurin mai shimfiɗa littattafai a bakin tasha, ya ce a ba shi wanda ya fi kauri.

Ban san garin da aka buga shi ba, amma ko wane ne ya buga shi, sauri yake yi. Yarinyar da ke jikin bangon fuskarta kore ce shar, jan da ya kamata ya zauna a leɓenta kuma ya zame ya sauka a haɓarta. Takardar shara-shara. Wani shafin baƙi ƙirin kamar an kifar da kwalbar tawada, wani kuma sai kin kai shi bakin ƙofa kin karkata kafin ki ga alamar rubutu. Akwai shafin da aka buga a kife. Wuƙar da ta yanke gefen littafin ma ba ta da imani, don sau da yawa takan tafi da layin ƙarshe gaba ɗaya. Ni dai ban san ana yin littafi ya fi haka kyau ba. Koriyar fuskar ma na ɗauka sanyin ƙasarsu ne ke mayar da mutum haka, har na ji tausayinsu.

Ban kai shafi na uku ba ƙawata ta gano ina da shi. Ɗakinsu ne ke kallon namu. Iyayenta daga kudu suka zo, Kiristoci ne, babanta yana aiki a Abuja kamar nawa, mamanta kuma tana suyar ƙosai a ƙofar gida kowace safiya. Ita a Suleja aka haife ta, kuma in aka zo faɗa a bakin rijiya Hausarta ta fi tawa kaifi nesa ba kusa ba. Ajinmu ɗaya, shekarunmu ɗaya, amma ita gajeriya ce dunƙulalliya, ni kuwa na miƙe na yi ta tafiya sama har yaran unguwa na tambaya ta ko ana ruwa a can inda nake. Tsawon nan ya dame ni ƙwarai a lokacin. Tafiya ma a duƙe nake yi.

To sai ga shi labarin na wata yarinya ce, 'yar mai sayar da gawayi a wani gari mai sanyi a bakin kogi, wadda ta fi duk yaran garin tsawo. An fara da ita tana ƙarama tana fasa kofuna, ana ta bin ta har ta zama budurwa, ta kuma ƙudura a ranta sai ta shiga tseren kwalekwale da ake yi duk shekara, wanda mace ba ta taɓa shiga ba. Nan take na ce ai ni ce. Ƙawata ta ce ƙarya nake yi, tsawon ne kawai nawa, bakin da rashin tsoron duk nata ne. Muka yi gardama har muka gaji, muka raba yarinyar biyu.

Bayan gida akwai mangwaro, can muke zama in an taso daga makaranta. Ita ke karantawa da ƙarfi saboda harshenta ya fi nawa juyawa, ni kuma ina fassarawa, saboda na fi ta iya cika fuska in faɗi abin da ban sani ba. Kalmar da ta gagare mu sai mu ba ta ma'anar da ta yi mana daɗi. Wani abincin da suke ta ci da safe muka yanke cewa koko ne, muka wuce. Inda wuƙa ta cinye layin ƙarshe kuwa, nan ne daɗin yake, don bi da bi muke cikewa. In layin ya faɗo kaina sai in sa malamin makarantarsu ya ba yarinyar haƙuri. In ya faɗo kan ƙawata sai wani ya sha mari. Mutanen littafin nan sun sha mari a hannunta ba adadi, har da wani fasto da bai yi wa kowa komai ba. Mukan yi dariya har Umma ta leƙo ta taga ta ce in karatun ne ke sa mutum haka, gara a mayar wa mai shi kayansa.

Da zafin Maris ya kankama, sai gam ɗin littafin ya saki. Shafuka suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya, muna tsincewa muna ɗaurewa da ƙyallen da muka roƙo wurin tela. Wata rana ina ɗaga shi sai wani ɗauri guda ya ɓalle daga baya ya faɗo a cinyata. Babin ƙarshe ne cif, babin tseren. Kafin idona ya sauka a kai ƙawata ta fizge.

"Na san halinki," ta ce. "Ke da kike buɗe tukunya tun ruwa bai tafasa ba. Rantse ba za ki karanta ƙarshen nan ba sai muna tare."

"Ke ma ki rantse."

Na ce wallahi tallahi. Ita kuma ta dangwali ƙasa da yatsa, ta lasa, ta ɗaga shi sama, yadda suke yi a gidansu. Duk da haka ba ta yarda da ni ba. Ta tafi da babin ɗakinsu ta cusa a cikin wani kwali na tsofaffin takardun ofis na babanta, wanda tun da na san su ba wanda ya taɓa buɗewa.

Ana cikin haka aka ba babanta gida a Abuja. Ranar da labarin ya zo mamanta ta yi rawa a tsakar gida da ludayi a hannu, matan gidan suna taya ta murna, mu biyu kuma muna tsaye a bakin rijiya kamar an watsa mana ruwa. Ranar Asabar mai zuwa za su tashi. An riga an ba da hutu, saura mana babi da yawa, sai muka duƙufa. Muka daina gardama, muka daina cike layi da mari, abinci ma a gindin mangwaro muke ci da hannu ɗaya. Yammacin Alhamis muka kawo inda yarinyar ta isa bakin kogi, an jera kwalekwale, maza na yi mata dariya. Muka ajiye babin ƙarshe sai gobe Juma'a, ranarmu ta ƙarshe, mu karanta shi a tsanake.

Da hantsi ina wanke-wanke sai ga ƙawata ta zo ta tsaya a kaina, ba sallama.

"Mama ta sayar da shi."

"Ta sayar da me?"

"Da tseren. Ta naɗe ƙosai da shi."

Ashe da mamanta ta zo haɗa kaya ta ga kwalin, ta ce ba za ta ɗauki shara ta kai Abuja ba, ta jawo shi ƙofar gida ta yi cinikin safe da shi. Babinmu ne a sama, shi ya fara tafiya. Muka same ta tana kankare kasko. Da muka yi mata bayani, mu biyu a lokaci ɗaya, sai ta dube mu ta riƙe ƙugu.

"Wetin? Wane littafi? Takarda na gani, takarda na naɗe. Ku biyu ɗin nan, una no go kill me, ba za ku kashe ni ba."

"Mama, don Allah su wa suka fara saya?" na ce.

Nan fa Allah ya taimake mu, don ta san masu cinikinta kamar 'ya'yanta. Ta ce tela, da mai wanki da guga, da matar mai chemist, da 'yan acaɓan bakin hanya, da wasu leburori da suka saya suna gudu za su kama motar Abuja. Ba mu tsaya jin sauran ba. Ko takalmi ban sa daidai ba, ɗaya nawa ɗaya na ƙanena.

Tela ya riga ya goge man kekensa da tasa takardar, ta yi baƙi a gefe. Ya ce ba zai bayar ba sai mun gaya masa abin da ke ciki da har ya sa 'yan mata gudu da rana tsaka. Muka ba shi labarin a tsaye, a taƙaice, muna haɗiye rabi. Ya ce shi dai bai ga abin da zai kai mace cikin kwalekwale ba, amma in ta ci a zo a gaya masa. Mai wanki ya ɗora dutsen guga a kan tasa, ta ƙone kaɗan a tsakiya amma tana karantuwa. A gidan mai chemist wani yaro muka tarar yana tsotsar tasa, ƙawata ta yi masa wayo da alewa, ya saki, ya kuma fasa kuka bayan ya gane an cuce shi. 'Yan acaɓa suka yi mana dariya son ransu. Ɗaya ya ce ya jefar, ɗaya ya ce iska ta ɗauka, ɗaya ya ce shi har takardar ya cinye saboda yunwa. Muna ta bin kwata muna leƙawa, muna juya kowace takarda da tsinke, ga dariya ta ƙi barin mu. Sai mu ɗago takarda mu ga lissafin ofis ne, mu kalli juna, mu sake fashewa. Tsoro nake ji sosai kada babin ya tafi, amma ban taɓa jin daɗin wata safiya kamar wannan ba.

Wani ɗan acaɓa ne ya tausaya mana, ya ce mu je bangon masallacin unguwa. Akwai wani tsoho da ke wuni a gindin bangon, wanda ba ya iya ganin rubutu a ƙasa ya wuce. Ko na boko ne sai ya duƙa ya ɗauka, don a cewarsa ba ka san inda sunan Allah yake ba. Ba ya ƙonawa, ba ya kaiwa gida. Ninkewa yake yi ya cusa a tsagin bango. Duk safiya bayan an gama karin kumallo yakan zaga layin da sandarsa ya tsince abin da mutane suka yar.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Ƙawata ta ɗan ja baya, tana ganin ko ba a so ta matsa kusa da masallaci. Tsohon ya ce mata, "Matso, 'yata, ai bango ne." Ya nuna mana inda ya sa na yau.

Bangon nan cike yake da takardu kamar an yi masa kitso. Takardun jarrabawa, tallan magani, katin biki da rana ta cinye. Na yau ana gane su da maiƙo. Da yake tsagogin ƙasa sun cika tuntuni, da bakin sanda yake tura sababbi can sama, inda ba mai kaiwa. Ƙawata ta yi tsalle ta yi tsalle, ko kusa. Ni kuwa na miƙe, karo na farko da na miƙe gaba ɗaya a bainar jama'a, na dinga zaro su ina miƙo mata tana duba lambar shafi tana ihu ƙasa-ƙasa. Tsohon ya ce ashe dai tsawon nan ba a banza aka yi shi ba. Ya kuma gargaɗe mu cewa in mun gama kada ya ga ko ɗaya a ƙasa.

Muka koma gindin mangwaro muka shimfiɗa tabarma, muka jera shafukan bi da bi, muka danne kowanne da dutse. Tururuwa suka ji ƙanshin mai suka zo su ma. Man ya sa takardar ta zama kamar gilashi, rubutun gaba da na baya sun hau kan juna, sai an ɗora ta a kan baƙin allo kafin a raba su. Muka ƙirga, muka sake ƙirgawa. Komai ya dawo sai takarda ɗaya, ta ƙarshe. Ta bi leburori Abuja.

Ƙawata ce ta tuna da mai littattafai. Muka sake zubawa a guje har bakin tasha. Mutumin kudu ne, mai fara'a, yana zaune a kan benci yana fifita da wani littafin lissafi. Ya ce yana da sauran guda biyu irin namu.

"Oga, ba saya za mu yi ba," ƙawata ta ce. "Shafin ƙarshe kawai za mu duba, mu biyu tare."

"Ku duba, no wahala. Original ne, daga kamfani."

Muka haɗa kai, muka riƙe numfashi, ta buɗe daga baya. Hoton kaza muka gani. Muka koma baya kaɗan, wata kazar ce, da bayanin yadda ake gane mai mura. Babin ƙarshe gaba ɗaya babu shi, an ɗinke wani yanki na littafin kiwon kaji a wurinsa. Muka ɗauki na biyun, shi ma kaji ne, har da yadda ake haɗa dusa. Yarinya tana bakin kogi maza na yi mata dariya, ana juya shafi sai ga zakara. Na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha ina dariya har hawaye, ƙawata ta kife a bayana, kwandastoci na ratse mu suna kiran Abuja. Mai littattafai ya karɓa ya duba, ya juya, ko a jikinsa.

"To ai ku kun yi sa'a, naku mai kyau ne. Kuma ta ci mana. Dole ta ci."

"Oga, ka karanta ne?"

"Ni? Ni sayarwa nake yi."

Bayan an sauko daga masallaci gari ya yi shiru, muka zauna muka karanta abin da muke da shi. A hankali ƙawata ta karanta, ba ta taɓa yin karatu a hankali haka ba, ni ma ban ƙara ko kalma ɗaya tawa a fassarar ba. Aka busa ƙaho. Yarinyar ta tashi a baya, ta wuce na farko, ta wuce na biyu, hannuwanta suka fashe, mutanen bakin kogi suka daina dariya. Ta kamo na gaba, suka jera kai da kai, ga igiyar ƙarshe ana hangowa. Sai ta ji wani abu ya ƙara a ƙarƙashin kwalekwalenta, ta juya, ta ga. A nan shafin ya ƙare, a kan kalmar nan, ko aya babu.

Na ce bari mu cike da kanmu kamar yadda muka saba. Ta ce a'a, wannan ba layi ɗaya ba ne, wannan na gaske take so. Sai ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ni ma na kama. Ba don yarinyar kogi muke yi ba, mun kuma san haka.

"Duk wadda ta fara samun mai kyau ta kawo wa ɗaya," ta ce tana jan hanci. "Kada ki buɗe. Rantsuwar tana nan."

"Tana nan."

Da safe mota ta zo aka loda kujeru da kasko da katifu, aka ɗora ta a can sama kan buhun garin kwaki. Na tambaye ta lambar gidan, ta ce ba ta sani ba tukuna, amma ai Abuja ce, nan da nan, Baba ma kullum yana zuwa. Ni ma haka na ɗauka. Ko rungumar juna ba mu yi ba, don kada a yi mana dariya. Baba ya yi cigiya sau ɗaya ko biyu, amma ba ma'aikatarsu ɗaya da babanta ba. Shekara na zagayowa mu ma muka tashi daga gidan. Ban sake ganinta ba.

Bara 'yata ta dawo daga makaranta da littafin. Bango mai tauri, takarda fara tas, kowane layi yana wurinsa. Na gane shi tun daga bakin ƙofa. Kwana biyu ta cinye shi, ta faɗo mini kicin a guje.

"Umma, kin san abin da ta gani da ta juya?"

Na saki muciya, na toshe kunnuwana da hannu biyu, na kama waƙar da ta zo bakina da ƙarfi, na fita tsakar gida da gudu, ni da girmana da furfurata. Ta biyo ni tana dariya tana ƙoƙarin ɓamɓare mini hannu, muka zaga igiyar shanya sau biyu kafin ta ga fuskata ta tsaya. Na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga aljihun Baba. Ta ce to ai shekaru sun wuce, wataƙila ita can ta karanta tuntuni, wataƙila ma ta manta. Na ce wataƙila.

Littafin yana kan kanta a falo. Na karanta shi har sau uku, kuma koko ba koko ba ne, faston ma ba wanda ya mare shi. In na zo takardar ƙarshe sai in sa yatsa in danne ta, in rufe. Rannan 'yata ta gan ni ina rufewa, ta ce, "Umma, har yanzu?" Na ce mata ta ƙyale ni, akwai wadda nake jira.